Kati Uku Bayan Kowane Fim

6 ga Satumba

Yau na samo littafin rubutu mai kauri da ƙunshin ƙananan katuna, abin da na daɗe ina faɗa da baki ya kama hanya. Mu uku ne a aikin: ni, da ƙanwata da muke kira Auta, da Kawu, ƙanin mahaifiyarmu, wanda ya riga mu fara kallon fim da shekaru masu yawa. Finafinai goma sha biyu za mu kalla, ɗaya kowane daren Asabar, mu faro daga tsofaffi mu gangaro, kowanne daga ƙasa daban. Da zarar fim ya ƙare babu mai cewa uffan. Kowa ya ɗauki kati ya rubuta abin da ya gani, a kife, sai an gama duka a buɗe a karanta. Daga nan mai musu ya yi musunsa. Ni ne mai kwafewa a littafi.

Mun daɗe muna kallo tare, amma in an tashi hirar ba ta wuce "ya yi kyau" ko "bai yi ba". Kuma duk abin da Kawu ya fara faɗa, shi ke nan ya zama ra'ayin ɗakin. Sau da yawa nakan ga idon Auta ya kawo ruwa a daidai wurin da Kawu ya yi hamma, amma in ya ce fim ɗin ba shi da armashi sai ta ce, "Haka ne, Kawu." Abin da take haɗiyewa nake son ji.

Ƙa'ida biyu muka sa. Ba a karɓar yabo ko kushe sai mutum ya nuna fitowar da ta sa shi faɗin haka. Sannan kada kowa ya karanta sharhin fim kafin a kalla.

13 ga Satumba

Mun buɗe da City Lights na Charlie Chaplin, na 1931. Tun 1927 finafinai suka fara magana, manyan kamfanonin Amurka duk suka karkata can, shi kuwa ya kafe a kan tsohuwar hanya: kiɗa, motsin jiki, sai ɗan rubutu jefi-jefi a allo. Auta ta ɓata rai da ta ji babu magana. Ba a yi minti goma ba ta ajiye wayarta.

Wani talaka ne marar wurin kwana ya haɗu da makauniya mai sayar da furanni, ita kuma ta ɗauka attajiri ne. Yadda aka ƙulla wannan kuskure ba tare da kalma ko ɗaya ba shi ya fara kama ni. Yana kauce wa ɗan sanda sai ya ratsa ta cikin wata babbar mota da ke tsaye, ya shiga ta nan ya fita ta can, ya rufe ƙofa. Ƙarar ƙofar kawai ta ji. Can mai motar na gaske ya zo ya shiga, ƙofa ta sake rufuwa, mota ta tashi, ita tana miƙa canji ga wanda take zaton ya tafi, alhali yana tsaye kusa da ita. Sai ya lallaɓa ya bar wurin da sanɗa don kada ya ɓata mata zato.

Katin Kawu a kan damben ne, inda talakan yake laɓewa bayan alƙalin wasa suna rausaya tare kamar masu rawa. Nawa a kan attajirin nan mashayi da ba ya gane abokinsa sai ya bugu. Na Auta layi biyu ne kacal, a kan fitowar ƙarshe, bayan an yi wa yarinyar aiki ta warke, shi kuma ya fito daga kurkuku cikin tsumma: "Idon da shi ya nemo kuɗin buɗe shi bai gane shi ba. Sai da ta taɓa hannunsa."

Kawu ya karanta sau biyu, ya dube ta ya ce, "'Yar nan, ashe duk shekarun nan kallo kike yi." Shi yana ganin aure za a yi. Ita ta ce a fuskar yarinyar akwai godiya, akwai tausayi, akwai kuma wani abu da ya faɗi ya fashe. Sau uku muka mayar da wurin baya. Ba a rabu da mai nasara ba, amma yau ne na fara jin ta ce masa, "Kawu, ku sake dubawa."

20 ga Satumba

Na biyu daga Italiya, Ladri di biciclette na Vittorio De Sica, 1948. Ma'anar sunan, ɓarayin keke. A titunan Roma aka ɗauke shi bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da rashin aikin yi ya yi katutu, kuma De Sica bai nemi taurari ba. Lamberto Maggiorani da ya fito a uban ma'aikacin masana'anta ne, yaron ma ba ɗan fim ba ne.

Antonio ya samu aikin liƙa fasta a bango, da sharaɗin sai yana da keke, nasa kuwa yana jingina. Matarsa ta yaye zannuwan gadonsu ta kai aka karɓa, aka fanso keken. A nan katina ya tsaya. Kyamara ta bi ƙunshin zannuwan, wani ma'aikaci ya ɗauka ya fara hawa kantoci, hawa bisa hawa, ko'ina maƙil da irin wannan ƙunshi har kusa da rufi. Babu wanda ya tsaya yi mana jawabi a kan talauci. Daƙiƙa kaɗan ne, amma ka ga gari guda yana kwana a kan katifa tsirara. Ranar farko ta aiki aka sace keken, sauran fim ɗin duk nema ne, shi da ɗansa Bruno.

Kawu bai so shi ba, kuma ya cika ƙa'ida. Ya rubuta cewa bin wani tsoho da suka gani tare da ɓarawon har cikin coci ya yi tsawo ba gaira ba dalili, kuma fim ɗin da babu jarumi babu bos, keken ma ba a samu ba, ya bar mutum ne a inda ya same shi. Batun coci na yarda da shi, sauran ban yarda ba. Auta kuwa ko kula keken ba ta yi ba, yaron ta bi. Ta kawo inda ya zame ya faɗi cikin ruwan sama uban bai ko lura ba, da marin da ya sha ba a kan wani babban laifi ba, da yadda ya koma tafiya nesa-nesa da uban bayan marin. A ƙarshe uban ya gaza, ya kai hannu kan keken wani, aka bi shi aka kama, aka ci mutuncinsa a gaban ɗansa. Mai keken ya dubi yaron ya ce a sake shi. Suna tafiya cikin taro uban yana kuka, yaron ya ɗaga hannu ya riƙe nasa.

Muna shirin tashi Kawu ya ce, kamar da kansa yake magana, "Ai sunan ma bai ce ɓarawo ba, ɓarayi ya ce." Bai canza katinsa ba, ni ma ban so ya canza ba.

Da na koma ɗaki na shiga intanet. A 1952 mujallar Sight and Sound ta Ingila ta ji ra'ayin masu sharhi, suka sa wannan fim na ɗaya a duniya. Na daɗe ina karatu, fiye da yadda ya kamata.

27 ga Satumba

Rashomon, Japan, 1950, na Akira Kurosawa. Shi ya ci babbar lambar bikin finafinai na Venis a 1951, daga nan duniya ta juyo ta dubi finafinan Japan. An kashe wani mayaƙi a daji, an keta wa matarsa haddi, mutum huɗu suka ba da labari: ɗan fashin, da matar, da mamacin ta bakin wata mai kiran ruhohi, da mai saran itace wanda da farko ya ce gawar kawai ya tsinta. Labari huɗu, babu biyu da suka zo ɗaya.

Daren yau bai yi mini daɗi ba, kuma laifina ne. A katina na rubuta cewa fim ɗin yana nuna gaskiya ba ɗaya ba ce, kowa da tasa. Auta ta juya katin gaba da baya ta ce, "Yaya, a wace fitowa ka ga haka?" Na buɗe baki ban samu ko ɗaya ba. Maganar ba tawa ba ce. Tun daren Asabar da ta wuce na karanta ta a wani sharhi, na shigo da ita a aljihu, na zauna ina jiran fim ɗin ya tabbatar mini. Na faɗa musu. Kawu bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi, "To ɗana, kai ka kalli rubutun wani, mu mun kalli fim."

Nasu katunan sun yi nauyi. Kawu ya lura cewa a gaban shari'a kowa wanke kansa yake yi, nan kuwa mutum uku kowa yana jawo kisan zuwa kansa: ɗan fashin ya ce shi ya kashe a fafatawa, matar ta nuna wuƙar a hannunta take, mamacin ya ce shi ya soke kansa. Sun gwammace a kira su masu kisa da a gan su a wulaƙance. Auta ta jera faɗan guda biyu. A bakin ɗan fashi takubba sun haɗu sau 23, jarumta zalla. A bakin mai itace maza biyu ne hannu na rawa, suna tuntuɓe, suna rarrafe a ƙasa, kowa ransa yana son gudu. Ta ce mutum ɗaya ya mutu, ƙarfe ɗaya ya shige shi, gaskiya tana nan daram, masu ba da labarin ne suka kasa ɗaukar nauyinta. A ganina ta fi mai sharhin da na kwafa fahimtar fim ɗin.

30 ga Satumba

Na sake kallo ni kaɗai, na rubuta sabon kati. Tsohon ban yaga ba, na liƙa shi a littafin na ja masa layi. Abin da na gani da idona: a wurin shari'a ba a taɓa nuna alƙali ba, ba a ma jin muryarsa. Shaidu suna zaune a fili suna fuskantar kyamara, suna amsa tambayar da ba mu ji ba. Ashe mu aka ɗora a kujerar alƙalin. Sai mai saran itace, wanda na ɗauka shi ne mai gaskiya tunda rigimar ba ta shafe shi ba. Shi ma ya haɗiye batun wuƙar matar, mai tsada, da ta ɓace daga dajin.

Daga yau biro biyu zan riƙa amfani da su. Shuɗi na abin da muka gani, ja na abin da aka karanta bayan kallo. Na farko da ya shiga da ja: ruwan saman da ke kwarara a tsohuwar ƙofar garin da aka buɗe fim ɗin da ita an gauraya shi da baƙar tawada don ya fito sosai a hoto.

4 ga Oktoba

Zaɓin Kawu, Mother India na Mehboob Khan, 1957, kusan awa uku. Ya kalle shi ba adadi, don haka muka ce ya rubuta abin da ya gani yau wanda bai taɓa gani ba. Kati ɗaya bai ishe shi ba.

Radha, wadda Nargis ta fito a matsayinta, ta shiga gidan miji da bashin rupi 500 da surukarta ta ciwo don bikin. Mai bashin ya murɗe lissafi har kashi uku cikin huɗu na amfanin gona ya zama nasa, uwar kuɗi kuma tana nan ba ta motsa ba. Dutse ya murƙushe hannuwan mijin, kunya ta kore shi daga gida, ambaliya ta biyo baya, aka bar ta ita kaɗai da 'ya'ya.

Na zo da shirin ƙorafi a kan yawan waƙoƙi. Kawu ya tare ni da wurin da ta saɓa garma a kafaɗa a madadin shanu, yara ƙanana suna taya ta, waƙa na tafiya. Ya ce, "Cire waƙar nan ka ga in za ka iya kallon wahalar." Na janye rabin ƙorafina. Rabin da ya rage yana kan barkwancin tsakiyar fim, wanda har yanzu nake ganin ya yi yawa. Abin da shi ya gani sabo kuwa littafin bashin ne: manoman da ke biya ba sa iya karanta abin da aka rubuta a kansu.

A kan ƙarshen aka yi karo. Birju, ɗan da ya zama ɗan fashi, ya kashe mai bashi, ya ɗauke 'yarsa ranar aurenta, uwar ta ɗaga bindiga ta harbe shi. Ya mutu a hannunta, tare da awarwaronta da ya ƙwato daga jingina. Kawu ya rubuta cewa ta fifita mutuncin 'yar wani a kan jininta, babu girman da ya kai wannan. Auta ta rubuta cewa dattawan da tun farko suka ba mai bashi gaskiya ba a tambaye su komai ba, an bar wa mace ɗaya ta biya wa kowa, sannan aka kira ta uwar gari aka ce ta zo ta buɗe sabuwar hanyar ruwa. Ta nuna ruwan da ya ɓulɓulo ja kamar jini. Ran Kawu ya sosu, na gani a fuskarsa. Ya ce, "Ke yarinya ce, ba ki haifa ba." Ta sunkuyar da kai ta ce, "Gaskiya ne, Kawu. Amma ruwan ja ne, ba ni na sa masa kala ba." Babu wanda ya ƙara. Na kwafe su a shafi biyu masu fuskantar juna.

Da ja: Nargis da Sunil Dutt, wanda ya fito a ɗanta Birju, duk haifaffun 1929 ne, sun kuma yi aure a 1958. Shi ne fim ɗin Indiya na farko da ya kai takarar Oscar a rukunin finafinan ƙasashen waje.

11 ga Oktoba

Babu kallo. Kawu ya aiko cewa ba ya jin daɗin jikinsa, na wuni ina tunanin ko maganar makon jiya ce. Auta ta je gaishe shi, ta dawo ta ce mura ce ta gaske, har ya tambaye ta wane fim ne na gaba. Dama kwafin da na samo rubutun fassararsa yana makara da 'yan daƙiƙu, na ɓata yammacin ina daidaita shi.

18 ga Oktoba

La Noire de… na Usman Sembene, Senegal, 1966. Baƙi da fari, kusan awa ɗaya. Diouana budurwa ce daga Dakar, tana renon 'ya'yan wasu Turawa, suka kira ta ta bi su garin Antib a kudancin Faransa. Ta tafi cikin kwalliya da takalmi mai tsini tana murnar ganin Faransa, abin da ta tarar kicin ne da banɗaki da tsawar uwar gida. Da ƙyar take magana a fili. Mu kaɗai muke jin zancen zucinta.

Kullum da katin Kawu ake farawa. Yau ya ture nasa gefe ya ce, "Auta, fara." Nata a kan fuskar katakon nan ne da Diouana ta ba su kyauta a Dakar, suka rataye a farin bango abin ado. Da tura ta kai bango ta sauke kayanta, har suka yi ja-in-ja da uwar gida a kai. Bayan ta kashe kanta a bahon wanka, maigidan ya mayar da akwatinta da fuskar da kuɗi Dakar. Mahaifiyar ta ƙi karɓar kuɗin. Wani ƙaramin yaro ya ɗora fuskar a kan tasa ya bi shi a baya, yana sauri yana waiwaye, yaron bai fasa ba. Na Kawu shi ne mafi gajarta da ya taɓa rubutawa, a kan baƙin da suka zo gidan, har ɗaya ya tashi ya sumbace ta ba izini: "Suna magana a kanta tana tsaye, kamar kujera."

Nawa a kan wasiƙar ne. Ta zo daga mahaifiyarta, ita ba ta iya karatu ba, maigidan ya karanta mata. Sai ya ɗauki biro ya fara rubuta amsa da sunanta, wai tana nan lafiya. Tana zaune ana zuba mata kalmomi a baki. Ban san wata fitowa da ta taɓa matse mini ƙirji haka ba, alhali babu duka babu jini. Kushe ɗaya na kawo: wasan Turawan biyu ya yi tauri a wasu wurare, kamar masu karanto hadda. Duk da haka yau ne mu uku muka tashi da baki ɗaya.

Da ja: Sembene ya yi dako a tashar jiragen ruwa ta Marsay, ya zama marubucin littattafai, daga baya ya je Mosko ya koyi aikin fim, don ya ga yawancin waɗanda yake rubutu dominsu ba za su karanta littafi da Faransanci ba.

22 ga Oktoba

Biyar sun shiga, saura bakwai. Katuna 17 ne a liƙe, har da nawa mai layi da na biyun Kawu. Sun fara yi mana ƙanƙanta, zan nemo manya.

Uku na gaba sun tsaya. Kawu ya zaɓi The Message na Mustafa Akkad, 1976, wanda aka ɗauka kashi biyu, na Turanci da na Larabci, kowanne da 'yan wasansa, muna shawarar wanda za mu kalla. Ni na kawo Yeelen na Sulaiman Cisse daga Mali, 1987. Auta ta zaɓi Children of Heaven na Majid Majidi daga Iran, 1997. Abin da ta sani a kansa bai wuce cewa wani yaro ne ya ɓatar da takalmin ƙanwarsa ba, ta kuma ce kada wanda ya ƙara mata ko kalma. Sauran huɗun ana nan ana ja.

Jiya da dare ta zo ta karɓi littafin, ta daɗe tana buɗawa. Ta ce, "Yaya, katunan daidai suke, amma maganar da muka yi da baki kana gyara mini. Nan ba haka na faɗa ba." Na duba tare da ita, a wuri biyu haka ne: na sa kalmar da na ga ta fi daɗin karantawa, ba wadda ta fito daga bakinta ba. Mun soke su ta rubuta nata a sama. Daga Asabar kowa zai riƙa shigar da maganarsa da hannunsa, har Kawu. Shuɗin biron yana wajenta.